Fenti a Kan Hayaƙin Turare

Shekara goma sha huɗu na yi a gidan haya guda a unguwar Gamkalley ta Yamai, ɗaki biyu da salo, wato falo, a jerin gidaje huɗu masu tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ranar da muka shiga, mijina, Allah ya ji ƙansa, ya ƙirga wa tsohon da ke da gidan kuɗin wata uku na ajiya, abin da suke kira kosiyo, jika ɗari da ashirin, kowace jika sefa dubu. Tsohon ya rubuta takarda ya sa hannu, ya ce ranar da za mu tashi, in muka bar masa bangonsa yadda muka same shi, kuɗinmu na nan. Ni ban san baƙi ba, ban yi karatu ba, amma abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓace mini. Na naɗe takardar cikin leda na kai ta ƙasan akwati.

Mijina ya rasu, tsohon ma ya bi bayansa, gidan ya koma hannun babban ɗansa, wani mai aikin biro, wato ofis, a wajen Gaweye, kullum cikin kaya masu guga, yana zuwa karɓar haya bisa moto. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Amma a gabana mutum uku suka tashi daga tsakar gidan nan, ban ga wanda ya fita da ko dala ba. Sai ya shiga ɗaki ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce kuɗin fenti ma ya fi kosiyon, amma ya yafe sauran saboda Allah. Har godiya ɗaya daga cikinsu ta yi masa. Ina zaune ina gyaran salati ina kallo, na ce a raina ni ba za a yi mini wannan yafiyar ba.

Sana'ata kayan lambu ce. Da sassafe nake gangarawa bakin kogi in sari salati da kabeji da tumatir wurin masu lambu, in kasa a tebur. Da ita na sayi ɗan fili a ƙetaren kogi, da ita na ɗora bulo bisa bulo har ɗaki ɗaya ya tashi. An yi rufi, an sa taga, sai ƙofa ta rage. Maƙerin ƙofofi ya ce ta ƙarfe mai kauri, da sakata biyu, jika saba'in ce, ba ragi. Mace ɗaya a bakin gari, ɗaki ba ƙofa, ai kayanta na kowa ne. Ƙofata tana cikin aljihun ɗan mai gida, kuma babu hanyar fito da ita sai ta bangon nan.

Da na ɗauki adashina sai na zauna na raba shi. Masu lakkol, 'yan boko, suna rubutawa, ni ƙullawa nake yi. Na samo tsohon kallabi na yi ƙulli huɗu: na fenti, na ladan mai fenti, na ƙananan abubuwa irin su filasta ta toshe ramukan ƙusa, sai na motar kwashe kaya. Duka ba su haura jika hamsin ba. In na kashe hamsin na karɓo ɗari da ashirin, na ci riba. In na wuce haka, ƙofata nake gutsura.

Yawan fentin ma ba a kaina aka ƙirga shi ba, ni na ƙirga. Shekarar da ta gabata an yi wa gidan da ke kusa da nawa fenti, gida ne tamkar nawa, ba bambancin ko taku ɗaya. Kwana biyu ina zaune a ƙofata ina tsince alayyahu, idona na kan bokitansu. Manya uku aka kawo, biyu da rabi suka shiga bango, rabin ya bi mai aikin gida a bayan keke. Don haka na san abin da bangona zai sha.

Launi kuma na ja almuwar, wato babban akwatin kayan sawa na katako, na duba bayanta inda rana da hannu ba su taɓa kaiwa ba. Fentin asali na nan, shuɗi mai haske kamar sama da hantsi. Na sa wuƙa na ɓanɓaro ɗan ɓawo na ƙulle a gefen zane.

Maƙwabciyata ta hannun dama ita ta kawo mini mai fenti. Bamaradiya ce, Kirista, tana aikin likita, shekara tara muna shan famfo ɗaya ba mu taɓa faɗa a kan resin ruwa, takardar kuɗin famfo, ba. Yaya take ce mini. Ta ce mutumin shi ya yi musu fentin coci, ba ya sata, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Sai ga shi, dattijo mai furfura, wandonsa ya sha launi ya fi goma. Ya zaga ɗakunan yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa.

"Bokiti huɗu, Inna."

"Uku."

"Inna, ke ce mai fentin ko ni?"

"Kai ne. Amma na huɗun gidan wa za shi?"

Ya yi dariya har da dafa bango. "To, uku. Wallahi da irinku sun yi yawa a Yamai da mun koma tallar goro."

Da ya shiga ɗakin kwanana sai ya tsaya ya ja numfashi ta hanci. Ya je kusurwar da nake ajiye kasko ya goga tafin hannu a bango ya shinshina.

"Wannan bangon ya sha turare."

"Ya sha. Ɗakin mace ne, ba garejin moto ba."

Ban taɓa kwana ba tare da na sa garwashi a kasko na barbaɗa turaren wuta ba. Uwata haka ta yi, kuma ko shekarar da mijina ya kwanta ciwo kuɗi suka ƙare, na rage cefane ban rage turare ba. A kusurwar nan nake kifa kwando a kan kasko in shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi. Bangon ya yi duhu, na sani, amma na ɗauka duhu ne irin na kowane tsohon bango.

Ya ce, "Turare mai ne da shi, Inna. Ya shiga cikin siminti. In na shafa fentin ruwa kai tsaye, zai yi kyau yau, jibi ya tofo. Sai an wanke, an sa fentin mai a ƙasa ya danne shi, sannan a bi da na ruwa. Ki ƙara jika goma."

Na dube shi sama da ƙasa. Yanzu na ƙwace bokiti ɗaya daga hannunsa, ga shi ya ɓullo ta wata ƙofa da kuɗin da ya yi daidai da na bokitin. Na san wannan rawar, a kasuwa na tsufa.

"Hayaƙi ne zai huda fenti shafi biyu? Ɗan nan, ka yi abin da na ce."

"Inna, na girmi a ce mini ɗan nan, ga furfura."

"Furfurar ma rabinta fenti ce."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Na faɗa dai. Madam, ki zama shaida." Maƙwabciyata ta ce ita ba ruwanta, allura ta sani.

Washegari na shiga taksi zuwa kasuwar Katako. Shago huɗu na zaga kafin na tsaya. Na sa mai shago ya buɗe kowane bokiti a gabana, na tsoma sanda na juya na ɗaga, in ga yadda yake zuba. Ɗaya ya tsiyaye kamar kunun da aka yi wa baƙi da yawa, na ce a mayar. Na kwance ɓawon bangona muka gwada da kwalaben launi har muka dace. Ya ce in ba shi kuɗin kawowa, na ce ai na zo da kaina da kafaɗun mai taksi.

Saura kwana goma wata ya mutu muka fara. Na fitar da kaya na jera a barandar maƙwabciya, na kafa kujera a bakin ƙofa. Ruwan da za a zuba a fenti da kwanona ake aunawa, ni nake miƙawa. In ya ce a ƙara, sai in ce ya shafa in gani tukuna. Ya toshe ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ina nuna masa waɗanda ya tsallake. Yana aiki da rulo, abin shafa fenti mai birgima, yana ba ni labarin wani alhaji da ya sa a yi wa gidansa launin tutar ƙasa, matarsa ta ƙi shiga. Ban yi dariya ba, don kada ya ga fuska, amma labarin ya yi daɗi. Kwana biyu ya gama shafi biyu. Gida ya fito tas kamar ranar da muka shige shi, har rabin bokiti ya rage, na rufe na danna murfin da ƙafa na kai barandar maƙwabciya. Na kwance ƙullinsa na biya shi.

Rana ta uku da safe, bayan na dawo daga lambu, na buɗe ɗakin kwana don ya sha iska. Sai na tsaya cak. A kusurwar kasko, daga tsayin gwiwa har rufi, wani ruwan ƙasa-ƙasa ya keto ta cikin shuɗin, kamar an watsa shayi. Ya bi saman bango ya zagaya, ya fita ta saman ƙofa ya taɓa salo. Na sa yatsa, a bushe yake. Daga ciki ya fito.

Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallonsa. Ba wanda zan zarga. Mutum ya faɗa mini da Hausa, a gaban shaida, na ɗauke shi ɓarawo. Ga jika arba'in da wani abu na shafe a bango, kuma in ɗan mai gida ya ga wannan tabon, da su da kosiyon duk sun tafi. Na kwance kallabi, ƙulli ɗaya ya rage, na mota.

Maƙwabciya ta leƙo da kayan aikinta a jiki. "Yaya, lafiya?" Da ta ga bangon ta kama baki. "Kai! Ashe da gaskiyarsa."

"Da gaskiyarsa. Kina son almuwar nan har yanzu?"

Ta daɗe tana yaba ta. Kuma saboda almuwar nake neman mota, sauran kayana amalanken jaki ya ishe su. In na sayar da ita na sami kuɗi, kuma na huta da motar. Mijina ne ya saya mini ita shekarar da muka shigo, amma katako ba ya tsare ɗaki.

"Yaya, kar ki sayar don wannan. In ba ki aro mana."

"Ban taɓa tashi daga gida da bashi a baya ba. Faɗi abin da za ki iya."

Ta faɗa, na ƙara jika biyu, ta yi dariya ta ce ko a cikin wuta nake sai na yi ciniki. Muka shirya.

Kafin in aika wa mai fenti, na dafa ruwa na jiƙa kanwa, na samo soson ƙarfe. Yadda ake kankare tukunyar da ta shekara a murhu, haka na bi bangon nan, ina bisa turmi a kife, tun hantsi har la'asar. Sabon fentin da na biya da kuɗina yana gangarowa ta gwiwar hannuna, a bayansa ruwa ja mai ƙamshi. Duk turaren da na ƙona a ɗakin nan na shaƙe shi a yinin. Kafaɗata ta yi sati tana tuna mini.

Da ya iso ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu, bakinsa na motsi.

"Faɗi abin da ke bakinka," na ce.

"Ni? Ni ai ɗan nan ne, me na sani?"

"Ka faɗa, ban ji ba. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe."

Ya je ya shafa bangon. "Wa ya wanke?"

"Aljanu."

"To aljanun sun iya aiki. Sun rage miki kuɗi, don yanzu gwangwani ɗaya na fentin mai ya isa, maras ƙyalli. Amma na ruwa fa? Sai an sake sayen bokiti."

Na nuna masa rabin da ke baranda. Ya buɗe ya juya ya girgiza kai. "Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa barin rabin bokiti a gidan mutum ba. Ashe rabonki ne ya tsare shi."

"Kwanona ne ya tsare shi."

Muka bar bango ya bushe kwana ɗaya. Ya shafa na mai, muka ba shi kwana biyu, sannan ya bi da na ruwa shafi biyu. Ya ce ba zai karɓi lada ba, na ce ba a yi mini aikin banza, na sa masa a aljihun riga.

Ranar ƙarshen wata na ce wa ɗan mai gida ya zo da azahar, lokacin da rana ke shiga ɗakunan sosai, kada a ce duhu ya ɓoye wani abu. Na roƙi maƙwabciya ta canza lokacin aikinta ta tsaya. Ya zo ya jingine moto, ya gaishe ni da Zabarmanci, na amsa masa da shi, sannan muka koma Hausa, tasa irin ta 'yan Yamai. Bai dubi salo ba, bai dubi ɗaya ɗakin ba. Kai tsaye ya nufi kusurwar kasko. Nan na gane da irin wannan kusurwar ya ci kuɗin matan da suka riga ni tashi.

Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya goga yatsa. Babu komai.

"Inna, ya yi kyau. Amma ni na san ɗakin mata. Yau tas, sati ɗaya ya fito ja. Ki ba ni makulli, in bai fito ba zan aiko miki."

"Ya riga ya fito, na kashe shi."

"Haka kowa yake cewa."

"Kowa ya wanke da kanwa ya sa na mai a ƙasa?"

Na miƙa wa maƙwabciya ledar takarda. Ta warware ta karanta da Faransanci, ta juya da Hausa da ƙarfi yadda matan da ke wanki a bakin famfo za su ji. Suka daina wankin.

"Hannun wa ke nan?" na tambaye shi.

"Na Baba ne."

"To ga yadda za a yi. Sati ɗaya ka ce, na yarda. Amma kuɗin ba za su kwana wurinka ba, makullin ma ba zai kwana wurina ba. Duka a hannun Madam. Ranar takwas mu buɗe tare. In ya fito ja, ko kamar ƙwayar gero, ka kwashe duka, ba zan ce uffan ba."

"Inna, ba ki yarda da ni ba ke nan?"

"Na yarda da kai kamar yadda ka yarda da bangona."

Wata daga bakin famfo ta tuntsire da dariya ta rufe baki da zane. Ya ce bai zo da kuɗi ba. Na ce ba komai, motonsa na da mai, ni kuma ba inda za ni. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa, makulli a cinyata. Ya tsaya yana danna waya kamar mai neman wani, sannan ya hau moto. Kafin la'asar ya dawo da ambulan. Maƙwabciya ta ƙirga a gaban kowa, ta haɗa da makullin ta shiga da su ɗakinta.

Da yamma mai amalanke ya ƙetare gada da kayana, ina tafe a gefensa. Sati ɗaya na yi a sabon ɗakina da tabarma rataye a bakin ƙofa da turmi a bayanta. Ban je lambu ba ko sau ɗaya, don ba zan bar kaya ba mai tsaro. Masu sayen salatina suka yi ta aike suna tambaya ko ciwo nake. Ban ji tsoron bangon ba, na ga abin da aka shafa masa da idona. Abin da ya dame ni tebur da ke zaune ba ciniki.

Ranar takwas na roƙi matar da ke fili na gaba ta zauna mini a bakin ɗaki, na ƙetaro. Na riga shi isowa. Maƙwabciya ta buɗe, muka shiga mu uku, matan tsakar gida suna cunkushe a ƙofa. Ɗakin ya yi zafi don rufewa, warin fenti kawai ke tashi. Kusurwar tana nan shuɗiya daga ƙasa har rufi. Ya kunna fitilar wayarsa da rana tsaka ya bi bangon da ita, ya durƙusa har wandonsa mai guga ya taɓa ƙasa. Na bar shi ya gama.

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Inna, wa ya yi miki aikin nan? Ina da wani gida da ya gagare ni."

"Madam za ta ba ka lambarsa. In ya ce maka a ƙara jika goma, ka ƙara."

Maƙwabciya ta miƙa masa makulli, ta miƙa mini ambulan. Na zauna a dokin ƙofa na ƙirga da kaina, ganye bayan ganye, yana tsaye. Sun cika. Na yi wa mahaifinsa addu'a da babbar murya, ya ce amin, matan ma suka ce amin.

Ban koma gida ba sai da na biya ta wurin maƙeri. Ƙofar tana jingine a bangon rumfarsa tun wata biyu, har ƙura ta hau ta. Na sa ya kwantar da ita na taka da ƙafa in ji kaurin ƙarfen, na ja sakatun biyu na mayar, na ja na mayar. Ta ƙasan tana ɗan cijewa. Na ce ya gyara yanzu ina tsaye, kuma ya nemo magini, don yau nake so a kafa ta.